Ƙwai Bakwai a Akwati Ɗaya

Masu turo min saƙo kuna tambayar me ya kai budurwa mai digiri kiwon aku, ga amsarku a taƙaice. Shekara biyu na yi ina yawo da takardu har gefen fayil ɗin ya cinye, ko aikin share ofis ban samu ba. Abin da ya rage min shi ne ɗakin bayan gida inda marigayi Abbanmu yake gyaran rediyo, sai kuma son tsuntsaye da na taso da shi. Na kwashe tsofaffin wayoyi da matattun batura, na wanke ɗakin fes, na sa aka buga raga a taga. Wanda ya kawo min akun guda biyu kuwa, shi ne mutumin da Umma take so in aura. Mai Turare muke ce masa a gida, don ƙamshinsa ne ke fara sallama kafin bakinsa.

Dillalin tsuntsaye ne, yana da shago mai gilashi a babban titi. Kullum cikin farar riga mai dogon hannu, gugar ta kwanta kamar ba a zama da ita, ga takalmi sau-ciki da ba a jin takunsa. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa zuwa gidanmu hannu rabbana ba. Amma ni dai tun farko zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma da za ku ritsa ni in faɗi dalili, da kame-kame zan yi. Abu ɗaya na lura da shi: ba ya tambayar abin da bai riga ya san amsarsa ba.

Umma kuwa ta gama sallama masa. Ta kafa min ƙahon zuƙa, safe da yamma maganar ɗaya ce, wai shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ce, wai sa'o'ina sun yaye na biyu ni ina nan ina wanke kashin tsuntsu. Ba ta taɓa cewa dole ba. Shiru kawai take yi idan na kawar da zancen, ta ɗauko maganin hawan jininta ta sha a gabana, kuma wannan ya fi min faɗa ciwo.

Mai Turare ne ya kai ni ofishin kula da namun daji na yi rajista. Aka ba ni takardar izini da sunana da hotona, aka haɗa min da zobba shida a 'yar leda, kowanne da lambata a jiki. Ga wanda bai san harkar ba, zoben nan ba shi da mabuɗi. Ana zura shi ne a ƙafar ɗan aku tun yana ɗan sati biyu zuwa uku, ƙafar ta girma a ciki, ba ya sake fita sai dai a yanka. Shi ne shaidar cewa a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe tsuntsu, ba daga daji aka sato shi ba. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya sa shi bai yi rajistar ba, da duk daɗewarsa a sana'a.

"Kiwo naki ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Ni ɗan kasuwa ne kawai."

Na ji daɗin maganar har da sunkuyar da kai. Allah ya shirye ni.

Na raɗa wa tsuntsayen suna Oga da Madam. Babban shi ne Oga, wato namijin, tunda haka Mai Turare ya nuna min, kuma a ido ba a bambance namiji da mace a wannan jinsin: duk toka-toka ne da jan wutsiya. Na koyi yanka musu 'ya'yan itace, na koyi sauya garin katakon da ke cikin akwatin kwanci, na koyi shiga ɗakin a hankali ba tare da na buga ƙofa ba. Hannuna duk ya zama tabon cizo. Umma ta ce ko mai aikin ƙarfe ya fi ni laushin hannu.

A wata na biyar na leƙa akwati na ga ƙwai. Wallahi sai da na yi hawaye. Bayan kwana biyu suka zama biyu, daga nan kuma abin ya zama kamar ruwan sama. Wata safiya na bar uku, washegari na tarar da biyar. Aka tsaya a bakwai. Na ɗauki hoto na tura wa Mai Turare, ya kira nan take, ya ce in yi maza in kai rahoto ofis da hoton, haka doka ta ce. Ya kuma ja min kunne kar in kuskura in taɓa ƙwan ko in haska shi, wai uwar za ta ƙi shi. Na kai rahoton, aka buga hatimi.

Na kuma ɗora hoton a guruf ɗinmu na masu kiwo, ina jin kaina a sama. Barka ta yi ta shigowa. Mutum ɗaya ce ba ta ce barka ba, wata dattijuwar likitar dabbobi da ba ta cika magana a guruf ɗin ba. Ita ta biyo ni ta gefe da layi biyu: "Ƙwai biyu a rana ɗaya? In kin samu lokaci ki zo ki same ni, ki taho da gashin ƙirjin kowannensu a leda daban." Na karanta na taɓe baki, na ce a raina hassada ce irin ta tsofaffin hannu. Ko amsa ban ba ta ba.

Ƙwan aku kwana ashirin da takwas zuwa talatin yake yi. Na yi ta soke kwanaki a kalandar bango da jan biro. Ranar talatin ta zo ta wuce, akwati shiru. Kullum Umma sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya ko jikokinta sun iso, in ce mata tukuna. Mai Turare kuwa ko a jikinsa. Saƙonsa ɗaya ne kowace safiya: "Ki ƙara haƙuri, ranki ya daɗe. Suna hanya."

Ranar talatin da ɗaya na karya umarninsa. Na saki labule da rana tsaka, na ɗauko ƙwai ɗaya na ɗora a kan fitilar wayata. A wani bidiyon koyarwa da na taɓa kalla, ƙwai mai rai duhu ne cike da shi. Nawa haske ya ratsa shi tas, sai ruwa yana kai-komo a ciki. Na gwada na biyu, na uku, har na bakwai, duk kanwar ja ce. Ban gaya wa kowa ba. Na fizgi gashin ƙirjinsu, Oga ya kusa cire min ɗan yatsa, na kai wa Likita a kunyace. Ta karɓa ba ta yi min gori ba, ta ce in dawo bayan mako guda.

To, ranar komawar ce nake son ba ku labari.

Na fita da hantsi cikin doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta nuna ƙurar fuka-fuki, na ce wa Umma zan sayo abincin tsuntsaye. Asibitin Likita ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, yana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta da jiƙaƙƙen kare. Ta sa ni na zauna, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, sannan ta turo min takardar sakamakon gwajin gashin.

"'Yata, Oganki mace ce. Duk biyun mata ne."

Na yi dariya. Ban san daga ina dariyar ta fito ba. Ta bar ni na gama, sannan ta yi min bayani a natse: mata biyu idan suka shaƙu a keji ɗaya sukan yi ƙwai tare, su kwanta a kai tare, amma ko shekara za su yi ba abin da zai fito sai baragurbi. Aku ɗaya ba ta yin ƙwai biyu a rana, kuma da wuya ta wuce huɗu. Sabon shiga kan faɗa wannan ramin, ba abin kunya ba ne. Sai ta tambaye ni wa ya sayar min, shekara nawa yana harkar. Na ce ya fi goma sha biyar. Ta kuma tambaya ko na nuna masa hoton ƙwai bakwai ɗin, me ya ce. Na ce cewa ya yi in kai rahoto.

Likita ta kalli tabon hannuna. Da ta buɗe baki, muryarta ta yi ƙasa duk da ba kowa a ɗakin sai mu. Ta ce akwai masu hawa bishiya a daji suna kwaso 'ya'yan aku daga rami tun ba su yi gashi ba. Irin waɗannan ba su sayuwa a fili, don ba su da takarda. Abin da suke buƙata shi ne gidan da ke da rajista, da akwatin da ofis ya san akwai ƙwai a ciki, ƙwan kuma wanda ba zai taɓa ƙyanƙyashewa ba balle lissafin tsuntsaye ya rikice. Ranar da asiri ya tonu, ba mai hawa bishiya ake samu ba, ba dillali ake samu ba. Lambar da ke jikin zobe ake bi.

"Ban ce ga abin da yake nufi ba, ban san shi ba," ta ce. "Amma kar ki sa zobenki a ƙafar abin da ba ki ga fitowarsa daga ƙwai ba. Ɗauri ake yi a kai, ba tara kaɗai ba."

Na sauko daga benen. A ƙasa na ciro wayata da na sa a shiru, na ga kiran Umma bakwai da saƙon murya ɗaya. Na kara a kunne a tsakiyar ƙarar injin hura taya. Muryarta har rawa take don murna: "Auta, ina kika shiga? Maza ki dawo, an ƙyanƙyashe. Uku ne, Auta, uku."

Na ruga bakin titi. Ban san yadda na tsayar da mota ba, ban san yadda na iso layinmu ba. Abin da na sani shi ne tun daga kwana na hango motar Mai Turare a ƙofar gida, an yi mata fakin daidai a inuwa kamar ta mai gidan.

Umma ta tare ni a tsakar gida cikin shuɗiyar rigarta ta fita unguwa, har da sarƙa. Ta riƙo hannuna tana ba ni labari a jere: ya zo gaishe ta ne bayan fitata, ya ce bari ya leƙa tsuntsayen, ya jima a ciki, sai ga shi ya fito yana cewa a ba shi goron albishir. Rabon da in ga haƙoran Umma haka tun Abba na da rai. Na zare hannuna a hankali na wuce ɗakin baya.

Wari ne ya fara tarbata, warin ruɓaɓɓen ƙwai da aka danne da turare mai tsada. Oga da Madam sun haye can saman keji sun maƙale a kusurwa ɗaya, gashinsu a tashe, suna wani gurnani da ban taɓa ji ba. Na buɗe 'yar ƙofar leƙen akwatin. Ƙwai huɗu a gefe, ɓawon uku an jera shi tsaf, sai 'ya'ya uku a dunƙule cikin garin katako.

Ɗan aku na kwana ɗaya bai wuce babban yatsa ba, jajir yake, idonsa a rufe. Waɗannan kowanne ya kai dunƙulen hannuna. Idanunsu a buɗe, baƙaƙe wuluk, gashin toka ya fara rufe musu baya. Ɗaya ya ɗago kai yana rawa ya buɗe min baki.

"Barka da arziki, ranki ya daɗe."

Ban ji shigowarsa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a aljihu, ko ɗigon garin katako babu a farar rigar.

"Duk biyun mata ne," na ce. 

"Na sani."

Haka kawai ya faɗa, kamar na ce masa yau Talata. Ya tura ƙofar da ƙafa ta rufe, ya fara min bayani da muryar da yake gaishe da Umma. Wai kowa a harkar nan haka ya fara. Wai kiwon gaskiya sai mutum ya shekara uku bai ga ɗa ɗaya ba, shi kuma ba zai iya kallon matar da zai aura tana wahalar banza ba. Ofis sun san da ƙwai bakwai, za a rubuta uku sun fito huɗu sun lalace, ba wanda zai zo ya ɗaga wutsiyar Oga. Bayan wata uku ya zo ya ɗauke su, ni kuma in zama mai kiwon da ake kwatance da ita.

Na tambaye shi ina iyayensu. Ya ce tambayar ba ta da amfani a gare ni. Na tambaye shi ko ni ce ta farko. A nan ne ya ɗan yi murmushi, ya ce ni ce ta farkon da ya yi niyyar aura.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya in ce jaruntaka na ji ba. Tsoro na ji. Amma wani abu ya fi tsoron ƙarfi, wato takaicin cewa duk cizon da na sha, duk asubar da na tashi yanka 'ya'yan itace, ashe gadin fanko nake yi. Na ce masa zobena ba zai shiga ƙafarsu ba. Gobe da safe zan kwashe su da takardar Likita in kai ofis, in faɗi duk abin da ya faru, kuma ya cire ƙafarsa daga gidanmu.

Na zaci zai fusata. Agogonsa kawai ya duba, ya ce cikinsu ba komai tun safe, matan can kuma ba za su ciyar da su ba, gara in dama musu abinci kafin in yi tunanin ofis. Ya buɗe ƙofa ya fita. Ina jin sa a tsakar gida yana yi wa Umma sallama, yana tambayar ko maganinta bai ƙare ba.

Umma ta shigo da faɗa ƙasa-ƙasa, wai wane irin ɗaure fuska ne wannan ranar farin ciki, mutum ya bar shagonsa ya ɓata rabin yini a kan tsuntsayena ko ruwa ban ba shi ba. Na buɗe baki zan gaya mata, na kalli jijiyar da ke harbawa a gefen wuyanta, na rufe. Na ce a raina bari in ciyar da su tukuna, in samo kalmomin da ba za su kayar da ita ba.

Na dama garin abincin da na saya tun wata guda da ya wuce, lokacin da nake mafarkin 'ya'yan Madam. Na gwada ɗuminsa a bayan hannu, na zuƙa a sirinji, na shimfiɗa tawul a kan tsohon teburin Abba. Na zura hannu cikin akwati na ɗauko na farko. Ɗumi gare shi, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna da sauri. Da na juya shi don in zaunar, wani abu mai sanyi ya taɓa min yatsa.

Zobe ne. Na kai shi bakin taga na karanta lambar, duk da na riga na san ta kamar sunana. Na ɗauko na biyu, na ɗauko na uku. Na shafa mai a ƙafar ƙaramin na gwada ja a hankali, ya yi wata ƙara da ta sa matan can suka haukace a keji. Zoben ya tsaya cak a gaɓa. Mai Turare ya zaɓo su daidai ranar ƙarshe, yadda zai shiga da ƙyar ya ƙi fita.

"Au, kin gani?" in ji Umma daga bayana. "Cewa ya yi in bari ki gani da kanki."

Na tambaye ta wa ya ba shi zobban, tunda a durowar ɗakina suke. Ta ce ita mana, wa zai shiga ɗakina in ba ita ba. Ya ce mata hannuna rawa yake, sabon shiga kan karya musu yatsa, gara su sauƙaƙa min. Shi ya nuna mata yadda ake haɗa yatsun gaba a mayar da na baya, amma ya ce albarkar uwa ake so, don haka ita ta zura duk ukun da hannunta. Tana faɗa tana nuna min yatsunta, tana alfahari.

"Shi kuma me yake yi a lokacin, Umma?"

"Ɗauka yake a waya. Ya ce a ajiye miki tarihi."

Wayata ta yi motsi a kan teburin, kusa da sirinji. Bidiyo ne na minti biyu daga Mai Turare. Ga ɗakin nan, ga takardar izinina a bango, ga Umma ta cika hoton tana dariya, tana zura zobe a ƙafar tsuntsun da kowane ma'aikacin ofis zai gane ya kai sati uku. Ta ɗago ta faɗi ranar da kwanan wata da bakinta, ta ce yau aka ƙyanƙyashe su a gidanta, a gaban idonta. Na kalla har ƙarshe ina neman ko hannunsa, ko muryarsa, ko inuwarsa a bango. Babu.

A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta: "In za ki ofis gobe ki tafi da wannan, zai rage musu bincike. Ki tambaye su ko ana barin mai hawan jini ta shiga gidan yari da maganinta."

Umma ta matso ta leƙo ta kafaɗata, na yi maza na rufe rubutun da babban yatsa. Ta ga fuskarta a allon ta yi dariya, ta gyara zaman sarƙarta.

"Tura min, Auta," ta ce. "Ina so in sa a guruf ɗin dangi."